Allurar da Likita Ya Hana Yayana

Shekara biyu yayana yana shan maganin basir saboda raunin mazakuta. Daga baya aka ce sanyi ne. Gwaggonmu kuwa ta rantse hannu aka sa masa, tunda raunin ya zo ne bayan ya ƙara aure. Abin da ya kai shi asibiti ma ba maganar shimfiɗa ba ce. Direba ne, sau biyu yana goge mai babur a gefe bai gan shi ba, ga ciwon kai da ya ƙi jin fanadol. Likitan ido ya auna shi, ya tura shi hoton MRI.

Aka sami ƙari a fituwitari, wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake da ke gindin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci. Ba ciwon daji ba ne, amma yana zubo sinadarin furolaktin, wanda aikinsa kawo wa mai jego nono. Idan ya yi yawa a jikin namiji, sai ya toshe saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina cewa su yi testosteron, sinadarin mazakuta. Daga nan sha'awa ta kwanta, gaba ya yi sanyi, ƙwayoyin haihuwa su ragu, ƙashi ma ya riƙa yin rauni a ɓoye. Mace takan gane da wuri saboda al'adarta ta rikice. Namiji kuwa kunya yake ta ɓoyewa, har ƙarin ya wuce milimita 10, ya danne mahaɗar jijiyoyin ido da ke samansa. Shi ya sa ganin gefe ke fara tafiya.

Da yayana ya ji testosteron ɗinsa ya yi ƙasa, nan take ya ce a yi masa allurarsa a huta. Likita ya ce, “Malam, kana son ƙarin haihuwa?” Ya ce ƙwarai kuwa. Ya ce to a ajiye allura tukuna.

Nan ne na fi samun karatu. Testosteron na allura yana tayar da sha'awa, amma yana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya wadata, sai maraina su daina yin ƙwayoyin haihuwa. Wani ɓangarensa kuma jiki na juya shi ya koma sinadarin mata, wanda kan iya ƙara tunzura furolaktin. Ga shi bai taɓa ƙarin ba. A ganina, mai kemis da ke soka wa maza wannan allura ba gwajin jini cutarsu yake yi.

Abin da aka ba shi ƙwaya ce, kabagolin, sau biyu a mako. Akwai tsohuwarta, buromokiriptin, da ake sha kullum, ta fi tayar da zuciya. Suna sauke furolaktin, su rage girman ƙarin, yawanci ba sai an yi tiyata ba. Sai a jira kamar wata 3 zuwa 6, a sake auna testosteron da sassafe, lokacin da ya fi yawa a jini. Wasu nasu yakan dawo da kansa. Wanda nasa ya ƙi, in yana neman haihuwa akwai allurar hCG da ke tayar da marainan su yi aikinsu. In ya gama haihuwa, sai a ba shi testosteron, ana duba kaurin jininsa.

Likitan ya kira uwargida gefe ya ce, “Hajiya, in kin ga ya fara caca, ko ɓarnar kuɗi, ko sha'awa ta wuce kima, ku dawo.” Ƙwayar kan jawo wa wasu haka. Ya kuma tambayi yayana ko yana shan tiramadol don gajiyar hanya, domin shi ma yana kassara testosteron.

Yanzu Litinin da Alhamis yake shan ƙwayarsa bayan abincin dare, ya koma tuƙi. Gwaggo har yau cewa take rubutun da ta karɓo masa ne ya ci.