Sauti ɗaya, rubutu uku: inda karatun yara kan cije

A gidajen ma'aikata da dama a Kubwa da Lugbe, aikin gida na 'yan aji ɗaya yakan jira har iyaye su dawo daga ofis. Bayan Magariba yaro zai karanta "hat" ba gargada, ya zo kan "hate" ya tsaya cak. Iyaye da yawa kan ɗauka wasa ne ya yi masa yawa, alhali laifin na rubutun Turanci ne.

Sautin da ake kira dogon "a" a Turanci yana da manyan sigogi uku. Ana rubuta shi da "ai" a tsakiyar kalma, kamar "rain". Da "ay" a ƙarshe, kamar "day". Sai kuma "a" da ke da "e" marar furuci a ƙarshen kalma, kamar "cake". Wani ɓangare na wannan ruɗani ya samo asali ne daga sauyin furucin wasula da aka yi a Ingila daga wajen shekarar 1400, inda lafazi ya sauya amma rubutu ya tsaya yadda yake.

Ga ɗan Bahaushe akwai ƙarin cikas. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali: "gado" na kwanciya da "gado" na magada rubutunsu ɗaya, ma'anar jimla ce ke raba su. Kuma a Hausa ana furta kowane wasali da aka rubuta, don haka yaro kan so ya furta "e" ɗin ƙarshen "cake".

Abin da ya fi amfani shi ne a ɗauki siga ɗaya a mako. A fara da kalmomi masu kama da juna, "hat" da "hate", "mad" da "made", yaro ya ji bambancin da kunnensa kafin ya rubuta. Daga nan a rubuta kalmomi a guntayen takarda, ya kasa su gida uku, sannan a yi masa shifta ta kalmomi biyar. Irin su "said" da "great", waɗanda suka saɓa wa ƙa'ida, a bar su sai ƙafarsa ta kafu.

Minti 10 kowane dare ya isa. Yaron da aka bari yana cinkar kalmomi a aji ɗaya, da wannan cinke zai isa aji huɗu, lokacin da lissafi da kimiyya duk sai da karatu ake fahimtarsu.