Hulɗa Ba Tare da Jakada Ba: Dokokin Amurka Game da Taiwan

Gabatarwa

Bisa ga al'adar zaman ƙasashen duniya, idan wata ƙasa ta amince da gwamnatin wata, sai su yi musayar jakadu, su ƙulla yarjejeniyoyi. In kuwa ta janye amincewarta, sai a rufe ofisoshin jakadanci, kowa ya kama gabansa. Amma sha'anin Amurka da tsibirin Taiwan bai bi wannan ƙa'ida ba. Tun 1979 babu jakada tsakaninsu, duk da haka ga ciniki, ga sayar da makamai, ga kai da kawowar manyan ma'aikata. Abin da ke riƙe da wannan dangantaka shi ne waɗansu dokoki da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa.

Asalin Maganar

A shekarar 1949 'yan gurguzu a ƙarƙashin Mao suka ci nasarar yaƙin basasar ƙasar Sin, gwamnatin Chiang Kai-shek ta ƙaura zuwa Taiwan. Kowane ɓangare ya dage cewa shi ne halaltacciyar gwamnatin Sin baki ɗaya. Amurka ta goyi bayan na Taiwan, har suka ƙulla yarjejeniyar tsaro a 1954. Amma a 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa kujerar Sin ga gwamnatin Beijin, kuma ranar 1 ga Janairu, 1979, Shugaba Jimmy Carter ya amince da ita. Sharuɗɗan Beijin uku ne: a yanke hulɗar jakadanci da Taiwan, a kwashe sojojin Amurka daga tsibirin, a kuma soke yarjejeniyar tsaro.

Dokar 1979

'Yan majalisa da yawa ba su ji daɗin yadda aka yanke wannan shawara ba tare da an tuntuɓe su sosai ba. Saboda haka da gwamnati ta kawo musu shirin doka, sai suka ƙara masa maganar tsaro. Carter ya sa hannu kan Dokar Dangantaka da Taiwan ranar 10 ga Afrilu, 1979. Manyan abubuwan da ta ƙunsa huɗu ne.

Na farko, ta ɗora aikin hulɗa a kan Cibiyar Amurka a Taiwan, wadda a takarda ƙungiya ce mai zaman kanta, amma a aikace ita ke yin ayyukan ofishin jakadanci, kamar ba da biza. Na biyu, ta ce dokokin Amurka za su ci gaba da aiki kan Taiwan kamar yadda suke aiki kan kowace ƙasar waje, watau kwangiloli da dukiya da ikon kai ƙara kotu duk suna nan daram. Na uku, Amurka za ta samar wa tsibirin makaman kare kai. Na huɗu, duk wani yunƙuri na yanke makomar Taiwan da ƙarfi, ko da ta hanyar toshe mata ciniki ne, abin damuwa ne ƙwarai ga Amurka.

Abin lura a nan shi ne, dokar ba ta ɗauki alkawarin shiga yaƙi ba. Ta bar wa shugaban ƙasa da majalisa su yanke shawara in hatsari ya taso. An bar kaza cikin gashinta ne da gangan: Beijin ba ta da tabbacin cewa Amurka za ta zura ido, Taiwan kuma ba ta da tabbacin da zai sa ta shelanta 'yancin kai.

Dokokin Baya-bayan Nan

Da gasa ta tsananta tsakanin Amurka da Sin, sai majalisa ta yi ta ƙara gini a kan wannan harsashi. Dokar 2018 ta ƙarfafa ziyarar juna tsakanin jami'ai a kowane mataki. Ta 2020 ta nemi gwamnati ta goyi bayan shigar Taiwan ƙungiyoyin duniya, ta kuma duba hulɗarta da ƙasashen da ke yi wa tsibirin zagon ƙasa. A Disamban 2022 aka ba da izinin taimakon soja da zai iya kai dala biliyan 10 cikin shekara biyar, ko da yake izini daban, ware kuɗin daban. A 2023 kuma majalisa ta tabbatar da yarjejeniyar ciniki da aka sa wa hannu a watan Yuni. Cinikin yana da nauyi, domin kamfanin TSMC na Taiwan ne kan gaba a duniya wajen ƙera ƙananan sassan da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta da waya.

Gwamnatin Beijin tana ɗaukar waɗannan dokoki a matsayin katsalandan cikin harkokinta na gida, da kuma saɓa wa sanarwar haɗin gwiwa ta 1972 da 1979 da 1982.

Kammalawa

Wannan taƙaddama ta shafi Afirka ma. Nijar ta koma wajen Taiwan a 1992, ta dawo ga Beijin a 1996. Nijeriya, wadda ta amince da Beijin tun 1971, ta umarci ofishin cinikin Taiwan a 2017 da ya tashi daga Abuja ya koma Legas. Bayan ficewar Nauru a 2024, ƙasashe 12 kaɗai suka rage masu cikakkiyar hulɗa da tsibirin, Eswatini ce kawai daga Afirka. Saboda haka ma'aikacin da zai auna ƙarfin dangantakar ƙasashe biyu, kada ya tsaya ga tambayar ko akwai jakada. Ya duba abin da dokokin cikin gida suka wajabta, da abin da suka yi shiru a kansa.