Ƙarfen da ba ya jin wuta

Ga mu tafe da shirinmu na musamman daga nan Bauchin Yakubu.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san yadda abin yake. Yaro yana kan zuga-zugi, gawayi yana tartsatsi, maƙeri ya sa awartaki ya zaro ƙarfe ya yi jajawur, ya ɗora a kan uwar maƙera. Ƙarfen da ɗazu ko ƙato bai isa ya tanƙwara shi ba, yanzu ga shi yana bin masaba duk inda ta nuna masa. Shi ya sa Bahaushe ya ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

To, akwai wani ƙarfe da wannan karin magana ba ta cika ci a kansa ba. Idan lokacin jigilar maniyyata ya zo, kuka raka alhazai filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa, ku dubi manyan injunan nan da ke rataye ƙarƙashin fukafukan jirgi. A cikin kowanne akwai wutar da zafinta kan haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Akwai kuma wasu fayafayan ƙarfe da ke juyawa, a injuna da dama fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Tukunyar alminiyom da kuke saye a kasuwar Muda Lawal, tun a digiri 660 ta zama ruwa. Ƙarfen fartanya kuwa ba zai narke a digiri 660 ba, amma idan ya daɗe cikin zafi ana jan sa, sai ya dinga miƙewa sannu a hankali kamar alewa a hannun mai alewa, har ya tsinke. Faifan injin jirgi in ya miƙe ko da kaɗan, sai dai addu'a.

Maganin wannan matsala shi ne haɗin ƙarfe da aka gina a kan wani ma'adani mai suna nikel. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun daɗe da saninsa. Farin sulen da iyayenmu suka kashe, jan ƙarfe ne aka gauraya da nikel. Wayar nan ta rishon lantarki, wadda takan yi ja zur ta dafa tukunya ta huce, gobe ta sake, wata da watanni ba ta ƙone ba, nikel ce da kuromiyom. Daga irin wannan waya injiniyoyin Ingila suka ɗauko hanya a shekarun 1940, lokacin da Frank Whittle yake fama da injinsa na jet, suka haɗa wani ƙarfe da suka kira Nimonic.

Amma wanda ya fi shahara a cikin haɗe-haɗen nikel ɗin nan shi ne Inconel 718. Wani masanin ƙarafa, Herbert Eiselstein, ya haɗa shi a kamfanin Inco da ke Huntington a Amurka, a ƙarshen shekarun 1950. Fiye da rabinsa nikel ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar kuromiyom ne, wanda ke yi masa wata siririyar fata da ke hana tsatsa. Sai baƙin ƙarfe, sai 'yan gishirin miya. Cikinsu akwai wani da ake kira niyobiyom, kusan kashi 5 cikin 100 kacal. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Bayan an haɗa, sai a gasa shi. A ajiye shi awa 8 a zafin digiri 720, a sassauta wutar zuwa 620, a bar shi ya ƙara wasu awanni. A wannan gashi ne nikel da niyobiyom suke haɗuwa su zama wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, su warwatsu a jikin ƙarfen. Kun san yadda magini ke cuɗa ciyawa a ƙasar gini don ta riƙe tubali? Aikin ƙwayoyin ke nan. Suna tokare cikin ƙarfen, su hana shi zamewa. Shi ya sa yake riƙe ƙarfinsa har wajen digiri 650, zafin da ƙarfen gama-gari ya riga ya saki jiki. Abin mamaki, a sanyin da ya kai digiri 250 ƙasa da sifili ma ba ya tsagewa, don haka aka sa shi a injin roka na jiragen 'yan sama jannatin Amurka.

Ana kuma amfani da shi a injunan da ke ƙona iskar gas su ba da lantarki, da rijiyoyin mai masu zurfi inda iska mai guba ke cinye ƙarfe. Tun da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a yankin Alkaleri a watan Nuwamban 2022, wannan magana ta daina zama ta nesa a wurinmu.

Sai dai fa ba a raba mai ƙarfi da taurin kai. Masu injin feƙe ƙarfe ba sa murnar ganinsa. Kana yankan sa yana ƙara tauri, zafi kuma ba ya bin jikinsa ya fice, sai ya taru a bakin abin yankan ya dasashe shi nan da nan. Ƙera shi kuwa sai an kai shi wajen digiri 1,000 an danne da manyan injuna. Ga tsada. Walda ce kawai yake karɓa da sauƙi fiye da 'yan'uwansa.

Mu koma ga niyobiyom. A ƙasarmu, daga wani baƙin yashi mai nauyi ake samun sa, wanda mahaƙa ke kira kwalambait, kuma shi abokin kwanciyar kuza ne. Dattawan Toro da Tilden Fulani da suka yi aikin kuza sun san shi. Tudun Jos kansa a lardin Bauchi yake kafin Turawa su yanke lardin Filato a 1926. Shekara da shekaru ana wanke kuza ana watsar da wannan yashi a matsayin shara, don yana rage wa kuza daraja. Da aka shiga shekarun 1950, Amurka ta tashi tara shi saboda ƙarafan injunan jiragen yaƙi, farashi ya yi sama, kamfanoni suka koma suna tone jujin da suka zubar da hannunsu. A 'yan shekarun nan Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da kwalambait.

A buhu muka sayar da shi, ɗanye, kamar yadda muka sayar da gyaɗa. Ni a ganina nan ne zancen yake da ciwo, domin kuɗin yana wurin wanda ya san awon haɗi da awon wuta. Daga baya Barazil ta buɗe babbar mahaƙarta a Arasha, kasuwa ta koma can, yau kusan kashi 90 cikin 100 na niyobiyom ɗin duniya daga ƙasar yake fitowa. Mu kuma aka bar mana kududdufan haƙa, waɗanda duk mai bin hanyar Jos yake gani. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, in kuna jin mu, yashin yana nan, har gobe mata da matasa suna wanke shi a bakin rafi suna sayar wa 'yan sari da kilo.