Dabarun Tafkin Kwatto Sun Shiga Wayar Samari

A garuruwan da ke bakin hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato, tun daga Kucheri da Tsafe har Gusau da Bungudu, akan tarar da samari hurhuɗu sun haɗa kai bisa benci, kowa ya ƙura wa wayarsa ido. Wasan yaƙi suke yi, walau Free Fire wanda ya fito a 2017, ko PUBG Mobile na 2018. Akan sauke 'yan wasa hamsin ko ɗari a tsibiri guda, fili yana ta tsukewa, ƙungiyar da ta rage ita ce ta ci.

Sabon shiga yakan zaci saurin yatsa ne ke kawo nasara. Amma ƙungiyoyin da suka gwanance, da saninsu ko ba da saninsu ba, tsohuwar dabarar mayaƙa suke bi. Masu wasan a ƙasashen waje sukan ambaci Sun Tzu, Basinen da ake danganta wa littafin yaƙi mai babi 13, wanda ya ba da ƙarfi ga sanin ƙasa da leƙen asiri. Ɗalibin Zamfara kuwa ba sai ya je Sin neman misali ba.

A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, galibinsu 'yan baka ne a ƙasa. Da dawakin Gobir suka auka musu, sai suka dunƙule wuri guda, suka yi ta sakin kibau har rundunar Yunfa ta watse. Haka lamarin yake a waya. Mutum huɗu da suka kama tudu ko gini, kowa ya tsare kusurwarsa, ɗaya yana leƙo abokan gaba, sukan karya ƙungiyar da ta fi su makamai. Su kuwa masu warwatsewa kwasar ganima, ɗai-ɗai ake tsince su.

Sha'anin guzuri ma yana nan. A ƙarshen shekarar, ga ƙarancin abinci, Gobirawa da Buzaye suka yi wa jama'ar mummunar ɓarna a Tsuntsuwa. Ɗan wasan da harsashi da magani suka ƙare masa a zagayen ƙarshe ba zai sha wuyar gane wannan babi ba, in da malamin tarihi zai ɓullo masa ta nan.

Sai dai iyaye ba su saki jiki da abin ba, kuma suna da hujja. A yankin Tsafe, inda 'yan bindiga suka sha tare hanya suna sace mutane, ƙarar harbi daga wayar yaro ba abin dariya ba ce. Matsalar tsaron ce ma ta taɓa tsayar da wasan ɗungum, lokacin da hukuma ta katse layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021.