"An Toshe Mini BVN": Gaskiya da Jita-jita Kan Wanda Bashi Ya Kayar

Daga Bodinga zuwa Shagari, a teburin mai shayi ko a bakin rumfar mai POS, da wuya a yi hirar bashi wani bai ce, "Ai ni an toshe mini BVN, ni da banki sai a lahira" ba. Galibi mai faɗin haka manomi ne da ya karɓi bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ambaliya ta cinye gonar. Ko ɗan kasuwa da ya karɓi bashin korona na bankin NIRSAL a 2020 jari ya karye. Ko matashin da ya ranci 'yan dubbai a manhajar waya. Maganar tasu akwai gaskiya a ciki, sai dai an cuɗa ta da ƙarya, kuma ƙaryar ce ke hana mutum sake tashi.

Ba a toshe BVN, wato lambar shaidar mai asusu a banki, don mutum ya kasa biyan bashi. Jerin da ake sanya BVN a ciki don sa ido, na waɗanda aka kama da damfara ne. Abin da ke samun mai bashi daban ne: banki yana miƙa bayaninsa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu karɓar rance, guda uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Duk bankin da ka je neman rance gobe, can zai fara leƙawa. Asusunka yana aiki, kana ajiya kana cira. Sabon rance ne ke yin wuya.

Daga nan sai masu dabara su ce, "To, Malam, buɗe asusu a wani bankin mana." Wannan shawara ta ruguza mutane da yawa. Tun 1 ga Agustan 2020 aka fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke binka damar cire kuɗinsa daga duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka, matuƙar ka sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rancen. Mutane da yawa sun sa hannun ba tare da an karanta musu takardar ba. Saboda haka wanda ya sayar da albasarsa ta rani, kuɗi suka shigo da daddare, da safe ya ga an zabtare, ba lallai ba ne 'yan damfara ne. Amma ya sani, uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai tsarin ya yarda a cira, ban da tarar jinkiri. In an wuce haka, yana da haƙƙin kai ƙara.

Jita-jitar da ta fi ba ni takaici ita ce ta "kuɗin gwamnati ne, an yafe." Bashi ne, an rubuta shi da sunanka, kuma yana nan. Haka ma wanda zai ce ka ba shi wani abu ya goge maka suna a kwamfuta: ɓarawo ne, ba shi da mabuɗin wurin.

Akwai kuma tsoron da bai kamata ba. Ɗan sanda ba shi da hurumin kama mutum kan bashi zalla; Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kamu a kan saɓa yarjejeniya irin wannan. Ba da cek na ƙarya ko karɓar kuɗi da yaudara, wannan laifi ne daban. Sannan karyewar jari ba ita ce shari'a ke kira karyewa ba. Wadda malamanmu na fiƙihu ke kira taflisi, alƙali ne ke yanke ta, a dokar ƙasa ta 1979 kuwa Babbar Kotun Tarayya ce, kuma da ƙyar ake jin an kai mutum ɗaya can. Wanda kotu ta ayyana haka, ba ta kuma sallame shi ba, shi ne tsarin mulkin 1999 ya hana tsayawa takarar majalisa ko gwamna. Wanda ake bi bashi kawai ba ya ciki.

To katin bashi fa? Katin da ke aljihun yawancinmu na cirar kuɗinmu ne. Na bashi, wanda banki ke biya maka ka biya daga baya, galibi masu albashi ake ba, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da albashinsa ke bi ta bankin. Wanda ya taɓa faɗuwa yana iya sake samu. Ya je bankin da ke binsa a zauna a daidaita, ko da biyan kaɗan-kaɗan ne, a rubuce. In ya gama, kada ya fito sai da takardar shaidar ba a binsa komai. Sai ya nemi rahoton tarihinsa, wanda wata doka ta 2017 ta ba shi damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara, ya duba ko an gyara. Nan ne mutane ke sakaci: an biya tuntuni, amma rahoto na nuna ana binsu, don ba wanda ya bibiya. Tsohon tarihin ba ya gogewa nan take, yakan ɗauki shekaru, amma zai nuna an biya. Kuma ko bankin Jaiz ko na TAJ mutum ya nufa don guje wa kuɗin ruwa, wannan rahoton za su buɗe kafin su saya masa injin ban-ruwa.