Hattara da zuba wa shukar tulu taki

Duk wanda shukar tulu ta shigo hannunsa, wadda masana ke kira Nepenthes, ya dakata kafin ya ɗebo taki. Hannun da ya saba da masara da dawa zai kashe ta yana ganin taimakonta yake yi.

Asalinta dazuzzukan Borniyo da Sumatra da Filifins ne, akwai ta kuma a Madagaska. Ƙasar da take tsirowa a can ba ta da ƙarfi, ruwan sama ya gama wanke ta. Shi ya sa Allah Ya hore mata tulu a ƙarshen ganyenta. Ƙwaro ya zame ya faɗa ciki. Ruwan tulun ya narkar da shi. A nan take samun abincinta. Saiwarta kuwa siririya ce, ba ta jure gishirin taki.

Takin zamani shi ne babban makashinta. Ko NPK ne ko yuriya, da zarar an barbaɗa a gindinta sai gishirinsa ya janye ruwan saiwar, ta ƙone. Abin tsoron shi ne ɓarnar a cikin tukunya take faruwa, inda ido ba ya kaiwa. Ganye yana nan kore shar. Mai shuka yana murna. Ranar da bakin ganyen ya soma bushewa, aikin gama ya kusa gamawa.

Kada a ce na gargajiya ya fi sauƙi. Kashin kaji, kashin shanu, toka, duk a nisanta su da ita. Haka ƙasar fulawa ta leda, yawancinta an riga an gauraya ta da taki.

Ko ta tsira da ranta, shukar da aka cika wa abinci ta saiwa takan daina fitar da tulu. Sai manyan ganyaye kawai. Abin da aka saye ta dominsa ya tafi ke nan.

Shi ma tulun ba kwanon abinci ba ne. Tsokar nama ko kifi ruɓewa za ta yi a ciki, ta yi wari, tulun ya yi baƙi ya mutu. Ƙwaro ɗaya ko biyu a wata ya wadatar. In a waje take, za ta kama abinta da kanta.

A kula da ruwa. Na famfo da na rijiyar burtsatse sukan ɗauko gishiri, kullum yana taruwa. Farin ɓawo a saman tukunya shi ne alamar. Ruwan sama take so.

In an riga an zuba takin, kada a firgita, kada kuma a bari sai gobe. A kwashe wanda ido ke gani. A kwarara ruwan sama mai yawa har ya riƙa fita ta ƙasan tukunyar, a sake maimaitawa. In takin ya yi yawa, a sauya abin da ke cikin tukunyar da sabuwar gansakuka ko ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sosai. Sai ta farfaɗo ta fitar da sabon ganye sannan a yi maganar ciyarwa: takin ruwa na furen okid, kashi 1 cikin 4 na ma'aunin da ke jikin kwalbar, a fesa wa ganye sau ɗaya a wata.