Zafin Murhu da Inuwar Itace: Hutun Masu Sana'ar Girki a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Sana'ar girki, wato dafa abinci domin sayarwa ko domin lada, tana cikin ayyukan da suka fi cin jiki a garuruwan Zamfara, duk da cewa ba kasafai ake lissafa ta cikin ayyukan ƙarfi ba. Masu tuwo-tuwo a tashoshin motar Gusau, da masu waina da ƙosai a bakin hanyar da ta ratsa Tsafe zuwa Funtuwa, da masu tsire, da matan da ake ɗauka girkin biki, yawancinsu suna hura wuta tun da asuba, wasu kuma ba sa barin bakin murhu sai bayan isha'i. Mai tuƙin tuwo a babbar tukunya takan tsaya a sunkuye, hannayenta biyu a kan muciya, tururi na dukan fuskarta, hayaƙin itace na shiga idonta, alhali masu saye suna miƙo kwanuka kowa na cewa a sallame shi, kuma a bazara, daga Maris zuwa Mayu, ana yin wannan ne cikin zafin da kan haura digiri 40.

Abin da ke faruwa a jiki a irin wannan hali sananne ne ga masana lafiya. Idan mutum ya shiga matsi, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adiranalin da kotisol, waɗanda ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga hawan jini, su tanadar wa tsoka sukari. An halicci wannan tsari domin haɗari na ɗan lokaci, amma idan ya zarce kullum ba sassauci, sai ya koma rashin barci, da ciwon kai, da saurin fushi. Ga kuma hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska daga girki da itace, gawayi da makamantansu ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Bincike ya nuna cewa zama cikin itatuwa yana taimaka wa jiki ya sauko daga wannan hali. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa nazarin da ya yi a wani asibiti a jihar Fensilbeniya ta Amurka, inda ya gano cewa marasa lafiyar da aka yi wa tiyata, waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa, sun riga waɗanda ke kallon bango komawa gida, kuma ba su buƙaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar su ba. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Mishigan sun yi bayanin cewa hankalin da aka tilasta wa lura da abubuwa da yawa lokaci guda, kamar wuta da ciniki da canji, yakan gaji, kuma yakan farfaɗo ne a wurin da motsin ganye ko gudun ruwa ke jan sa ba tare da ƙoƙari ba. Wani nazari na 2019 a Ingila, wanda ya shafi kusan mutum 20,000, ya danganta minti 120 a mako a irin waɗannan wurare da ingancin lafiya.

Ƙasar Zamfara ba ta rasa irin waɗannan wurare ba, domin Gulbin Sakkwato ya ratsa Gusau ya wuce ta ƙasar Bunguɗu da fadamu da lambuna a gaɓarsa, ga Dutsen Kwatarkwashi, ga duwatsun Tsafe. Sai dai abin takaici shi ne, shekarun ta'addancin 'yan bindiga sun mayar da daji wurin fargaba, ta yadda ba wanda zai shawarci mai sana'a ya fita bayan gari neman natsuwa, kuma wannan asara ce da ba a cika ambatonta ba idan ana lissafin ɓarnar rashin tsaro.

Saboda haka nauyin ya koma kan itatuwan cikin gari, wato dalbejiya, wadda ake kira dogon yaro, da tsamiya da mangwaro, waɗanda ban da inuwa suke sanyaya iska ta hanyar ruwan da ganyensu ke fitarwa. A nan akwai tsaka mai wuya, domin itacen da mai girki ke buƙatar inuwarsa, irinsa ne ake sarewa a kawo masa makamashi. Murhu mai tsimin itace, ko na gas ga mai hali, yana rage sara da hayaƙi duka biyu, kuma ya kamata ƙananan hukumomi da shugabannin kasuwa su riƙa ware wurin dasa itatuwa duk inda aka ba masu abinci rumfa. Masu gidajen abinci kuwa, haƙƙi ne a kansu su tsara wa ma'aikata karɓa-karɓa, musamman lokacin da ciniki kan lafa, domin kowa ya samu ya bar bakin wuta, ya sha ruwa, ya zauna a inuwa ko da na minti ashirin ne.